Daga yaron mota zuwa direban kamfani: kurakuran da ke raba mutum da aikinsa

Yawancin direbobin tirela da tanka a ƙasar nan ba a aji suka koyi tuƙi ba. A hannun wani maigida suka taso: wankin mota, ɗaure tamfol, sa waigi (katakon tokare taya) a hawa, kwana a gindin mota a Tafa ko Mararrabar Jos, har ranar da aka ce zo ka gyara mata tsayuwa. Wannan makaranta tana fitar da gwanaye, babu musu. Amma sau da yawa irin wannan gwani zai samu aiki a babban kamfani, na siminti ko na mai ko na fulawa, bai shekara ba sai ka gan shi ya dawo tasha, ko da bashi a wuya ko da takardar sallama. Da wuya ka ji an ce hannunsa ne ba shi da kyau. Abin da ke kayar da shi shi ne karɓar abu ba tare da ya duba ba: takarda, mota, lodi ko umarni. A kamfani kuwa, duk abin da ka karɓa ka tashi da shi ya zama naka.

Daga lasisi ake fara tuntuɓe. Mutum zai ba wani ɗan kamasho kuɗi da hoto, bayan mako biyu a kawo masa kati mai sheƙi. Ranar tantancewa kamfani ya buga lambar a kwamfutar hukumar kiyaye haɗura ta FRSC, a ga babu ita, shi ke nan magana ta ƙare. Lasisi na gaskiya sai ka je da ƙafarka, ka bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'an duba motoci su gwada ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ka kuma duba ajin da aka rubuta a jiki. Mota mai kai da bodi a rabe aji G take buƙata. Wanda ke jan tirela da lasisin ƙaramar mota, idan tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora ya samu ƙofar zillewa, nauyin ya dawo kansa.

Sai takardar ɗaukar aiki, wadda nan ne kunya ke cutar mutanenmu. An miƙo shafi huɗu da Turanci, ana jiran ka, ga layi a bayanka, sai ka sa hannu don kada a ce ba ka iya karatu ba. Ɗan'uwa, babu abin kunya a ce "a ba ni in je a karanta mini". Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, don haka kwafin haƙƙinka ne. Abin da za ka nema a ciki: kamfanin ne ya ɗauke ka kai tsaye ko wani ɗan kwangila mai samar masa da direbobi, domin ranar rigima wanda sunansa ke kan takarda shi za ka bi. Nawa ne albashi, nawa ne alawus na kowace tafiya, kuma idan mota ta kwana goma a gareji ko a layin lodi ana biyan ka ko ba a biya. Wane irin giɓi ake cirewa daga albashi, kuma wa ke yanke hukuncin cewa laifinka ne. Ka tambayi fansho: a dokar 2014 kamfani na zuba kashi 10 cikin ɗari, ana cire kashi 8 daga albashinka, kuma ya kamata ka riƙa ganin saƙon shigar kuɗin a wayarka. Idan ana cirewa ba ka ganin saƙo, ka yi magana tun wata na biyu. Haka batun diyyar rauni a bakin aiki, wadda asusun NSITF ke kula da ita a ƙarƙashin dokar 2010. Direbobi da yawa sai sun karye suke jin labarinta.

Wanda zai tsaya maka ma ka gaya masa gaskiyar abin da yake sa wa hannu. Sau da yawa kawu ne ko limamin unguwa, ya ɗauka shaidar hali ce kawai, alhali ya amince ne zai biya idan kaya suka salwanta.

Lokacin horo, kuskuren tsohon hannu shi ne raina mai koyarwa. "Wannan yaron da bai taɓa sauka Hawan Kibo da buhu 900 ba, me zai koya mini?" Wataƙila bai taɓa ba. Amma motar da za a ba ka ba tsohuwar Mack ko DAF ɗin maigidanka ba ce. Kamfanoni da dama yanzu Howo da Shacman suke sayowa, wasu ma masu amfani da iskar gas ta CNG, kuma kowace da tsarin giyarta da fitilun gargaɗinta. A jikinta akwai na'urar da ke nuna wa ofis inda kake, gudun da kake yi da minti nawa ka tsaya. Wanda ya yi gyangyaɗi a aji shi ne zai ga jar fitila ta kama a Lokoja ya ce ai haka take yi.

Ranar karɓar mota ita ce ranar da za ka fi kowa tsanani. Ka zagaya ta da wanda ke miƙa maka, ku ƙirga tayoyi, ku rubuta lambar kowace, ku duba safaya, jak, batura, abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, madubai, fitilu, takardun mota da ranar ƙarewarsu. Duk lotsawa da tsagewa a rubuta, ka ɗauki hoto da wayarka. Wanda ya karɓi makulli da "Allah ya sa albarka" kawai, bayan wata uku shi za a caja kuɗin batirin da aka musanya tun kafin ya zo. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. FRSC na ɗaukar taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa, ko da haƙoranta na nan. Tsohuwar taya a gaba, da lodi, da zafin kwalta na watan Afrilu tsakanin Zariya da Kano, ba abin wasa ba ne.

Birki shi ne inda nake so mu daɗe, domin a nan kuskure ba albashi yake ci ba, rayuka yake ci. Kullum bayan haɗari sai a ce birki ya tsinke, kamar abu ne da ya faɗo daga sama. A gaskiya mafi yawan lokuta birki yana ba da sanarwa, ko kuma direba ne ya ƙona shi da ƙafarsa. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Idan ka tayar da safe, ka jira allurar iska ta cika kafin ka motsa, sannan ka kashe inji, ka taka birki ka riƙe, ka kasa kunne. Idan kana jin tsiit ko allura na sauka, akwai yoyo, kuma wannan mota ba ta tafiya sai an gyara. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kowace rana, musamman da damina. Akwai wata mummunar dabara ta bakin hanya: idan tiyon wata ƙafa yana yoyo sai a toshe shi a ci gaba, ko a bar bodi babu birki gaba ɗaya, kan mota kaɗai ke tsayar da tan 40. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka gane ba. A gangara za ka gane, lokacin da ganewar ba ta da amfani.

Gangara kuwa daga samanta ake cin ta. Kafin ka fara sauka Hawan Kibo, ko gangaren da ke shiga Inugu daga Ninth Mile, ka rage gudu ka sa giya mai nauyi tun kana kan tudu, ka kunna birkin inji, ka bar injin ya riƙe motar. Birkin ƙafa taimako ne kawai: ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama, ƙarfen zai yi zafi ya buɗe, ya taka ya ji babu komai. Wanda kuma yake ta dannawa yana saki da sauri, iskarsa yake zubarwa. Mafi muni shi ne sakin mota firi don a rage shan gas. Motar da aka cire wa giya a gangara ba ta da birkin inji, iskarta ba ta cika da sauri domin inji na tafiya a hankali, kuma idan ta ɗauki gudu giyar ba za ta sake shiga ba. Litar da aka tsira da ita ba ta kai kuɗin likkafani ɗaya ba. Mutanen Legas ba su manta da gadar Otedola ba, inda a watan Yuni na 2018 tankar mai ta kama da wuta ta ƙone motoci fiye da 50.

Mai jan tanka yana da ƙarin abin lura: ruwa yana motsi. Tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar sarrafawa, domin man yana tunkuɗo ka gaba idan ka taka birki, yana kuma kwanta gefe a kwana. Ka shiga kwana da gudun da ya gaza wanda ka saba da busasshen kaya.

A wajen lodi, kada ka bar yaronka ya ƙirga kai kana shan shayi. Adadin da ke kan wayabil, wato takardar rakiyar kaya, shi za a nema a hannunka a inda za ka sauke. Idan siminti ne ka ƙirga, ka nuna fasassun buhuna a canza ko a rubuta. Idan mai ne ka tsaya a auna a gabanka, ka duba lambar hatimin da aka rufe da shi ta yi daidai da ta takarda. A wajen saukewa kada ka motsa sai an sa hannu da tambari, ka kuma ɗauki hoton takardar kafin ka miƙa ta ofis. Idan an matsa maka ka ɗauki fiye da ƙarfin mota, ka nemi a ba ka umarnin a rubuce ko a saƙon waya. Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa.

Gas da fasinja su ne jarabawa biyu da suka fi korar direbobi, kuma kowa ya san dalili: kuɗin hanya ba ya isa, ga shingaye, ga masu karɓar haraji a kowace ƙaramar hukuma. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wurin kai shi ofis ne da ƙungiya, ko ta direbobi NURTW ce ko reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, da rasit a hannu. Sayar da jarka biyu a bakin hanya ba ya gyara komai. Kamfani ya san litar da motarsa ke sha daga Obajana zuwa Kano, kuma ranar da aka kama ka sunan da za a kira ka da shi zai bi ka zuwa kowane kamfani. Ɗora mutane a kan kaya ya fi wannan muni, domin idan mota ta kife su ne ke ƙasa. Haka ba wa yaron mota sitiyari da dare don ka ɗan runtsa. Na san ta haka aka koya wa kusan kowa, amma motar kamfani sunanka ne a kanta. Idan kana son yaronka ya zama direba, ka taimaka masa ya yi lasisi, ka gabatar da shi lokacin ɗaukar sababbi.

Barci ba a cin bashinsa a kan sitiyari. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, kuma ƙa'idar hanya ta kayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Ka yi lissafi da kanka, za ka ga wannan tafiya ba ta yini ɗaya ba ce, komai kiran da manaja ke yi. Taramol da sauran ƙwayoyi ba sa kore gajiya, ɓoye ta suke yi, ido a buɗe amma ƙwaƙwalwa ta kwanta. Kamfanoni da dama yanzu suna gwajin ƙwaya ba tare da sanarwa ba. Ka tsara inda za ka kwana tun kafin ka tashi, wurin da motoci ke taruwa kuma akwai tsaro, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Mai zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas kuma ya tabbatar an yi wa motarsa rajistar Eto ta kiran motoci shiga tasha bi da bi, wadda hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara a 2021, kafin ya kama hanyar tashar.

Idan mota ta lalace, ganye da duwatsu ba alama ba ce da dare. Ka sa alamar gargaɗi nesa da bayan mota yadda mai tahowa da gudu zai samu damar tsayawa, ka sa waigi, ka kira ofis nan take, sannan idan za ka tashi ka kwashe duk abin da ka ajiye a kan titi. Idan tanka ce ta faɗi tana zubar da mai, aikinka na farko mutane ne, ba kaya ba. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, mafi yawansu sun zo kwasar mai ne. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, a Janairun 2025, fiye da 80 suka tafi, kuma bayan haka ne gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris na shekarar. Ka kashe inji, ka kira 122 ta FRSC ko 112, ka nemi mai unguwa ko limami ya taya ka korar jama'a, domin sun fi jin maganarsa a kan ta baƙo. Kada ka yarda a kawo janareta ko wani injin da ke fitar da tartsatsi kusa don juye man a wata mota, sai 'yan kwana-kwana sun iso sun ba da izini.