Yadda Ɗalibin Digirin Farko Zai Shiga Binciken Lafiyar Duniya, Ya Kuma Samu Tallafi

Duk lokacin da ɗalibi ya same ni da maganar bincike a fannin lafiyar duniya, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: "Malam, su wa ke ba da kuɗi?" Ni kuma nakan ce, "Kuɗin me? Me za ka bincika?" Daga nan sai a fara sosa ƙeya. To, a nan gizo ke saƙar. Babu mai ba ka tallafi don kawai kana da sha'awa. Abin da ake biya shi ne amsar wata tambaya takamaimai, wadda za a nemo a ƙarƙashin malamin da aka yarda da shi. Shi ya sa na tura maganar kuɗi can baya, da gangan.

Fannin ya ƙunshi matsalolin lafiyar da ba ruwansu da iyakar ƙasa, da kuma dalilin da ya sa cuta ɗaya take kashe wasu ta bar wasu. Ba gonar ɗaliban likitanci ba ce su kaɗai. Mai karanta lissafi, tattalin arziki, labarin ƙasa, kwamfuta ko nazarin zamantakewa, kowa yana da wurin tsayawa.

Mataki na farko: ka sassaƙe tambayarka

"Zazzaɓin cizon sauro" ba tambaya ba ce, teku ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da shi sau miliyan 263, ya kuma kashe mutane kusan 597,000. Ɗalibi mai wata uku da kwamfuta ɗaya ba zai taɓuka komai a kan wannan gaba ɗaya ba. Amma zai iya tambaya: a gidajen da ke da gidan sauro, yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka kwana a cikinsa daren da ya gabata, kuma shin zurfin karatun uwa yana da alaƙa da hakan? Wannan tana da kai, tana da ƙafa, ana iya ƙirga amsarta.

Hanyar samo irin wannan tambaya ita ce karatu, ba zaman tunani ba. Shiga PubMed, rumbun muƙalun lafiya da ke intanet, kyauta ne, ka nemo muƙalu biyar ko shida na 'yan shekarun nan a kan abin da ke damunka. Kada ka ɓata lokaci a gabatarwa. Wuce kusa da ƙarshe, inda marubutan ke faɗin gazawar aikinsu da abin da suka bari ba su taɓa ba. Tambayoyin da ke neman mai ɗauka a nan suke zube. Idan ka ci karo da muƙalar da ake sayarwa, je laburare ka tambaya ko jami'arku tana cikin shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun kimiyya kyauta ko da rahusa. Sau da yawa kalmar sirrin tana hannun ma'aikacin laburare, babu dai wanda ya taɓa tambaya.

Mataki na biyu: malami

Kusan duk wani tallafin da ake bai wa ɗalibin digirin farko sai da sa hannun malami mai duba aikin. Kwamitin ɗa'a, mai tantance bincike don kare mutanen da za a yi shi a kansu, shi ma ba zai saurare ka kai kaɗai ba. Don haka samun sufabaiza ya fi samun kuɗi muhimmanci, kuma ya fi wuya.

Kada ka zaɓe shi saboda girman muƙami. Duba sunansa a Google Scholar: wanda ya wallafa aiki a shekara biyun nan, musamman tare da ɗalibai, ya fi maka amfani a kan farfesan da yau yana taro gobe yana jirgi. Sannan ka rubuta masa imel gajere. Irin wanda nake gogewa ba tare da na gama karantawa ba shi ne mai cewa, "Ina da matuƙar sha'awar bincike, a taimaka mini da dama." Wanda nake amsawa kuwa kamar haka yake:

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji uku. Na karanta muƙalarku a kan yaran da ba su kammala allurar riga-kafi ba, inda kuka ce ba ku duba nisan gida da asibiti ba. Ina koyon manhajar R ta nazarin alƙaluma, kuma ina da awa shida a kowane mako. Ko akwai aikin da zan iya taimakawa da shi, ko da shigar da bayanai ne? Zan iya zuwa ofis duk lokacin da ya yi muku."

Layi biyar ke nan, amma ya nuna ka yi karatu, ya faɗi abin da ka iya da lokacin da kake da shi, bai kuma roƙi sisi ba. Idan shiru ya kai mako biyu, tuna masa sau ɗaya. Idan ya sake yin shiru, nemi wani, ba gaba ba ce. Kuma in an ba ka aikin shigar da amsoshi cikin kwamfuta ko tsara jerin muƙalu a manhajar Zotero, karɓa hannu bibbiyu. Ta nan ake gane wanda za a iya ba amana.

Mataki na uku: horon ɗa'a da izini, kafin ka yi wa kowa tambaya

Wannan ne wurin da na fi ganin hawaye. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba mai ƙwazo da ta ƙarar da hutunta tana zagaya ɗakunan jiran awo, tana cike takardun tambayoyi. Ta kawo su cikin kwali, kowace da lamba, rubutu tsaf. Na tambaye ta takardar izinin kwamitin ɗa'a. Ta ce ai ba jini ta ɗiba ba, tambaya kawai ta yi. Babu mujallar kirki da za ta karɓi aikin, kuma kwamiti ba ya ba da izini bayan an riga an gama. Kwalin nan haka ya koma da ita.

Dokar ba don wahalar da ɗalibai aka kafa ta ba. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee da ke Amurka, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu maganin fenisilin. Irin wannan ta'asa ce ta sa duniya ta ɗaure bincike da ƙa'idoji. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 aka kuma sabunta a 2024, ta tanadi cewa duk binciken lafiya da ya shafi mutane sai kwamiti mai zaman kansa ya amince kafin a fara, kuma sai mutum ya yarda da son ransa bayan an yi masa bayani.

Ka yi kwas ɗin ɗa'ar bincike tun yanzu. Shirin horo na TRREE na bayarwa kyauta a intanet har da takardar shaida, haka ma The Global Health Network da ke jami'ar Oxford. A ƙarshen mako ɗaya za ka iya gamawa. Ajiye takardar, za a yi ta tambayarka ita. Shi kuwa izinin kwamiti yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka a shigar da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na huɗu: fara da abin da ba ya cin kuɗi

Ɗalibai da yawa ba su san cewa akwai tulin bayanan da aka riga aka tattara, suna jiran mai nazari ba. Shirin MICS na UNICEF ya gudanar da binciken gida-gida a ƙasashe fiye da 100 tun tsakiyar shekarun 1990. Ka yi rajista, ka faɗi abin da za ka yi, a ba ka bayanan kyauta. Shirin DHS na binciken lafiya da yawan jama'a ma haka ya yi a ƙasashe sama da 90 tun 1984, sai dai yanke tallafin hukumar agajin Amurka, USAID, a 2025 ya girgiza shi, don haka ka fara duba halin da shafinsu yake ciki. Tambayar gidan sauron da na kawo a sama, a cikin irin waɗannan bayanai amsarta take. Kwamfuta, R da haƙuri su ne jarinka. Ko a nan ma, bari kwamiti ya faɗa da bakinsa cewa aikin ba ya buƙatar cikakken bita, kada ka yanke wa kanka hukunci.

A ganina wannan ce ƙofar da ta fi dacewa da mai farawa. Wanda ya zo neman tallafi da ƙaramin sakamako a hannu ya sha gaban wanda ya zo da alkawari.

Mataki na biyar: yanzu sai kuɗi

Fara daga gida. Tambayi ofishin bincike na jami'arku da shugaban sashe ko akwai ƙaramin tallafin ɗalibai ko kuɗin halartar taro. Sanarwar irin wannan takan ƙare a jikin allo ba wanda ya karanta. Sannan ka tambayi malaminka kai tsaye ko tallafinsa yana da gurbin mataimakin bincike. Yawancin kuɗin da ke isa hannun ɗalibin digirin farko ta wannan hanya yake biyowa, ba da sunansa ake bayarwa ba.

Daga nan sai ƙungiyoyin masana. Sigma Xi, ƙungiyar masu binciken kimiyya da ke Amurka, tana ba ɗalibai ƙananan tallafi sau biyu a shekara, har da 'yan digirin farko da na wasu ƙasashe. Ƙungiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Amurka, ASTMH, tana da tallafin tafiya zuwa taronta na shekara-shekara ga waɗanda aka karɓi aikinsu. Ɗaliban likitanci kuma suna da musayar bincike ta ƙungiyar ɗaliban likitanci ta duniya, IFMSA, galibi ta mako huɗu, wadda ake nema ta hannun ƙungiyar ɗaliban ƙasarsu. A sani dai kuɗin jirgi yakan faɗo kan ɗalibi ne.

Akwai shirye-shiryen hutun bazara, kuma a nan sai ka buɗe ido. Kafin komai, karanta sashen da ya ce wa ya cancanta. Shirin REU na Hukumar Kimiyya ta Amurka na 'yan ƙasar Amurka ne da masu izinin zama na dindindin a can. RISE na hukumar DAAD ta Jamus yana ɗaukar ɗaliban jami'o'in Arewacin Amurka, Birtaniya da Ailan. Mitacs Globalink na Kanada mako 12 ne, amma daga jerin wasu ƙasashe kawai, kuma ana rufe nema tun wajen Satumba don aikin da za a fara a Mayu. Amgen Scholars ma yanki-yanki ne, kowanne da sharuɗɗansa. Minti biyar na karanta sharuɗɗa zai cece ka daga mako biyu na rubutun banza.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar masu koyon aiki: sai ka kai shekara 20, ka kuma kammala shekara uku a jami'a. Tun 2020 ta fara ba mabuƙata kuɗin guzuri. Su kuwa manyan masu ba da tallafin bincike, wato TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1975, Cibiyar Fogarty ta Amurka, da Wellcome ta Landan, mafi yawan kuɗinsu na masu digiri na biyu ne zuwa sama. Ka san da su saboda gaba, ka kuma lura da malaman da ke cin tallafinsu, don su ne masu gurbin mataimaki.

Duk wanda ya turo maka saƙo cewa ka ci tallafin da ba ka nema ba, amma sai ka tura kuɗin fitar da shi, ɗan damfara ne.

Wata magana a gefe, game da tafiya ƙasar waje. Hoton da za a ɗora a Instagram ba bincike ba ne. Idan ka je wata ƙasa, izinin kwamitin jami'arku kaɗai bai isa ba, sai da na can. Abin da ba a ba ka lasisin yi a ƙasarku ba, kamar yin allura ko karɓar haihuwa, bai zama halas don ka tsallaka iyaka ba. Kuma mutanen wurin da suka tsara aikin tare da ku, suka tattara bayanai, suka fassara, suna da haƙƙi a sunayen marubuta, ba a layin godiya kawai ba.

Mataki na shida: rubuta takardar nema

Mai tantancewa yana da tuli a gabansa, ga gajiya. Sa tambayarka a sakin layi na farko. Bi da abin da aka riga aka sani, da giɓin da ya rage, da yadda za ka yi: mutum nawa, ta yaya za a zaɓe su, wane lissafi, cikin wata nawa. A kasafi kada ka rubuta "sauran buƙatu". Rubuta tafiya sau kaza zuwa wuri kaza, buga takarda shafi kaza, kuɗin intanet na wata kaza. Idan za ka tattara amsoshi da waya ta manhajar KoboToolbox, faɗa, don ya rage kuɗin takarda kuma yana nuna ka san aiki. Kada ka yi alkawarin kawar da cuta. Yi alkawarin tebur uku da rahoto ɗaya.

Mai rubuta maka wasiƙar shaida ka ba shi aƙalla mako uku, tare da daftarin aikin da ranar rufewa. Ita ranar rufewar ma duba ta da agogon wace ƙasa ake nufi. Ƙi kuwa zai zo, ya zo wa kowa. Nemi bayanin masu tantancewa in suna bayarwa, gyara, tura wani wuri.

Mataki na ƙarshe: bayan kuɗi sun shigo

Tun kafin a fara nazari, ku zauna da malam a kan sunan wa zai fito a muƙala kuma a wane jeri. Da nauyi a baki, amma ya fi rigimar baya sauƙi. Buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ita ke bambanta ka da masu irin sunanka. Tura taƙaitaccen aikin zuwa taro, kamar na CUGH, ƙungiyar jami'o'i masu nazarin lafiyar duniya, da ake yi kowace shekara, ko da fosta ce za ka tsaya a gefenta. Mujallar da ta turo maka imel tana zuba maka kirari, tana alkawarin bugawa cikin kwana bakwai, guje ta. Duba ko sunanta yana DOAJ, ko an sa ta a MEDLINE, wato jerin mujallun da aka tantance, sannan ka tambayi malam. Idan kuɗin bugawa ya fi ƙarfinka, yawancin manyan mujallu suna da tsarin yafewa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai ka nema tun lokacin tura muƙalar.

Rasit kuma, ko na kuɗin mota ne, ɗauki hotonsa ranar da aka ba ka, domin tawadar wasu takan goge kafin wata biyu. Rahoton ƙarshe ka tura shi kafin a tambaya, da kwafi ga malaminka, da wani ga asibitin ko al'ummar da aka yi aikin a cikinta, a harshen da suke ji.