Yadda Ake Zama Malamar Tattalin Gida a Gombe

Idan yarinya ta ce wa iyayenta tana son karanta ilimin tattalin gida a kwalejin ilimi, sau da yawa amsar da take fara ji ita ce, "Ashe girki da ɗinki ma sai an je makaranta?" Tambayar tana da dalili, domin kusan kowace budurwa a Gombe ta iya tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuka tun kafin ta gama sakandare. Amma malamar tattalin gida aikinta ya wuce iya yin abu da hannu: dole ta san dalilin da ya sa ake yin sa haka, ta kuma iya tsayawa gaban yara masu yawa ta koya musu da kayan da ake samu a kasuwar garinsu. Duk wadda ta shiga wannan karatu da wannan fahimta za ta amfana da shekarunta a kwaleji. Zan yi magana da mace kai tsaye saboda mata ne suka fi yawa a fannin, ko da yake ƙofa a buɗe take ga maza, kuma masu sha'awar ɗinki da harkar abinci a cikinsu suna da gurbi.

Shirin yana farawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake zaɓen darussa. Ana bukatar kiredit a darussan da suka dace a jarrabawar WAEC ko NECO, don haka ki ba wa Turanci da Lissafi muhimmanci. Idan makarantarku tana koyar da darasin abinci da gina jiki, ko na kula da gida, ko na tufafi da yadi, ki ɗauki aƙalla ɗaya ki riƙe shi da kyau. Shawarar da na fi jaddadawa ita ce kada ki guje wa Kemistiri da Bayoloji. 'Yan mata da yawa suna kauce musu da tunanin cewa tattalin gida fanni ne mai sauƙi, sai su shiga kwaleji su tarar da darasin sinadaran abinci, da yadda jiki yake narkar da shi, da yadda sabulu yake cire maiƙo daga tufafi, duk suna jiransu a shekarar farko. Kafin ki cike fom, ki karanta littafin jagora na JAMB na shekarar da za ki nema, ki kuma je sashen tattalin gida na kwalejin da kanki ki tambayi haɗin darussan da suke karɓa, maimakon ki bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa miki.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE, wadda ake yi cikin shekara 3, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince a koyar da ita. A nan cikin gari akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke kan hanyar Ashaka, wadda aka kafa a 1977, kuma tana da sashen tattalin gida a ƙarƙashin makarantar koyon sana'o'i. Wadda Azare ta fi mata kusa tana iya neman Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Jihar Bauchi. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ce take tsara manhajar kwalejojin ilimi, ita kuma take tantance kwasa-kwasansu, don haka ki tabbata sashen da za ki shiga ya samu amincewarta. Mai son digiri kai tsaye tana iya duba Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda aka daɗe ana koyar da wannan fanni. Wadda kuma ta riga ta yi digiri ko babbar difloma a fannin abinci ko makamancinsa ba tare da darussan koyarwa ba, sai ta ƙara da diflomar ilimi ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, da jami'o'i da dama suke bayarwa.

Karatun kansa gida biyu ne da suke tafiya tare. Ɗaya shi ne darussan malanta da kowane ɗalibin kwaleji yake yi: halayyar yara da yadda suke koyo, tarihin ilimi, dabarun koyarwa, da yadda ake auna fahimtar ɗalibi. Ɗayan shi ne na sashenku, wanda ya ƙunshi abinci da gina jiki, tufafi da yadi, kula da gida da kasafin kuɗin iyali, da renon yara.

A ɓangaren abinci ne za ki fi ganin bambancin wadda ta iya da wadda ta sani. Kowa ya san shinkafa da wake abinci ne mai riƙe ciki, amma a aji za ki koyi cewa furotin ɗin hatsi irin su gero da dawa da masara yana da ƙarancin wani sinadari da wake yake da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wani da hatsi yake da shi, shi ya sa haɗa su yake gina jiki fiye da cin kowanne shi kaɗai. Za ki koyi cewa a wanke alayyafo kafin a yanka shi, domin idan aka yanka sannan aka jiƙa a ruwa, bitamin C yana bin ruwan, kuma doguwar dahuwa tana ƙarasa abin da ya rage. Za ki san haɗarin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna saboda gubar aflatokzin da take cutar da hanta, da amfanin gishiri mai ayodin wajen hana maƙoƙo, da dalilin da ya sa ake cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. A yankin da tamowa take kwantar da ƙananan yara duk da hatsin da ake jibgewa a Tudun Hatsi da kayan lambun da suke fitowa daga Dadin Kowa, wannan ilimi rai yake ceta, kuma yarinyar da kika koya wa a aji biyu na ƙaramar sakandare ita ce za ta kai shi ɗakin mahaifiyarta da yamma. Saboda haka duk abin da kika karanta a littafi da sunan wani abincin da ba a sani ba a nan, ki zauna ki nemo takwaransa a cikin zogale da kuka da kabewa da daddawa da nono, ki rubuta a gefen littafinki. Wannan ɗan rubutun gefe shi ne zai fi yi miki amfani ranar da kika fara koyarwa.

Ɓangaren tufafi yana cin lokaci da kuɗi. Za a sa ki haɗa kundin samfuri, inda kowane shafi yake ɗauke da ɗan ƙyalle da kika yi wa wani nau'in ɗinki da hannu: kalmasa, da faci, da ramin maɓalli, da saka zif. Malami zai juya bayan ƙyallen ya duba, domin a baya ne ake gane mai haƙuri da mai gaggawa. Daga nan sai awo da tef, da zana fasalin riga a takarda kafin a taɓa yadi, da sarrafa keken ɗinki, da rini, da saƙa da kwarashi. Kada ki kai wa tela aikin da aka ba ki. Ana yin haka a ɓoye, maki kuma yana iya fitowa, amma ranar da zaren keke ya cukurkuɗe a gaban ɗalibanki babu telan da zai zo ya buɗe ƙoshiya ya gyara miki. Ki koyi sa wa keke mai, da canza allura, da daidaita ƙarfin zare, ko da kuwa a shagon maƙwabta ne lokacin hutu.

A kula da gida akwai lokacin da ɗalibai suke karɓar gidan gwaji na sashe su gudanar da shi rukuni-rukuni, da kuɗi ƙayyadadde, su yi cefane, su tsara abincin mako, su rubuta duk abin da suka kashe. Haka kuma akwai zuwa wurin aiki na ɗan lokaci a ƙarƙashin shirin SIWES da asusun ITF yake kula da shi, inda ake tura ɗalibai otal ko ɗakin girkin asibiti ko gidan burodi ko shagon ɗinki. Ki zaɓi wurin da za a bar ki ki taɓa aiki, ko da ya fi nisa da gida.

Game da kuɗi, ki sanar da iyayenki ko maigidanki tun farko cewa bayan kuɗin makaranta akwai na kayan aikin hannu kusan kowane zango: yadi, zare, almakashi, atamfar gwaji, rigar girki da ɗankwali, da kayan cefane. Haɗa kuɗi da 'yan rukuni a sayo da yawa a babbar kasuwa yana rage nauyi. Akwai kuma asusun rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Zangon koyarwar gwaji, wanda ɗalibai suke kira TP, shi ne zuciyar horon, kuma ba a samun takardar malanta ba tare da an ci shi ba. Kafin a tura ki, za ki yi ƙaramar koyarwa a gaban 'yan ajinku, su da malami su faɗa miki inda kika yi sauri da inda muryarki ba ta kai baya ba. Sannan a kai ki makarantar firamare ko ƙaramar sakandare, inda wataƙila ba za ki tarar da ɗakin girki ko keke ko ɗaya ba, ajin kuma cike yake har bakin taga. A nan ne ake gane wadda ta shirya.

Ɗauki misalin darasi kan kunun yaye. Malamar da ba ta shirya ba za ta cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tashi. Wadda ta shirya za ta zo da ƙananan ƙulli uku a leda, na gero da na waken suya da na gyaɗa, da gwangwanin madara guda na awo, da kurfoti da gawayi ta ajiye a inuwar bishiya nesa da inda yara suke zaune. Ta raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugaba. Ta sa kowa ya wanke hannu da sabulu a buta kafin ya taɓa komai, domin wannan ma darasi ne. Ta kira yarinya ɗaya ta auna gwangwani 6 na gero, wata ta auna 3 na waken suya, wani yaro ya auna 1 na gyaɗa, sannan ta tambaye su me ya sa ake soya waken kafin a kai niƙa, ta bari su yi ta faɗin ra'ayinsu kafin ta bayyana musu cewa ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da yake hana jiki narkar da furotin, zafi ne yake kashe shi. Garin da ta niƙo tun daga gida shi za ta dama a gabansu, kowa ya ɗanɗana da cokalinsa. Mai duba ki daga kwaleji yana zaune a bencin baya da tsarin darasinki a hannu, kuma abin da yake nema shi ne ko manufar da kika rubuta ta cika, wato ko yaro zai iya lissafa kayan haɗin ya kuma faɗi amfanin kowanne kafin a kaɗa ƙararrawa. Ki rubuta tsarin darasi kowace rana, ki kai wa malamar da kika tarar a makarantar ta sa hannu, ki kuma girmama ta ki riƙa neman shawararta, domin ta san yaran da iyayensu fiye da ke.

Wani abin lura shi ne yadda za ki yi magana a kan abincin gidajen yara. A aji ɗaya akwai wanda ya karya da shayi da ƙwai, akwai wanda ya zo da ɗumamen tuwo, akwai wanda bai sa komai a bakinsa ba. Idan kika koyar da daidaitaccen abinci da misalin nama da madarar gwangwani kawai, kin nuna wa rabin ajin cewa lafiya ba tasu ba ce. Ki fara da ɗanwake da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da fura da nono, ki nuna musu abin da yake cikin kowanne.

Bayan kammala karatu, sai rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993. Ana rubuta jarrabawar cancanta a kwamfuta kafin a ba da takarda da lasisi, don haka ki saba da kwamfuta tun kina kwaleji. Aikin firamare da ƙaramar sakandare yana bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, makarantun kuɗi kuma suna ɗauka kai tsaye. Ki riƙa bin sauyin manhajar da hukumar NERDC take fitarwa: a gyaran da aka fara aiki da shi a 2014 an haɗa tattalin gida da aikin gona a ƙarƙashin darasi ɗaya na share fagen sana'a, a sabon tsarin 2025 kuma ɗinki da tsara tufafi yana cikin sana'o'in da ɗalibi zai iya zaɓa, abin da yake ƙara wa malamar da ta ƙware a keke daraja. Mai NCE da sakamako mai kyau tana iya shiga jami'a daga aji biyu ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, ko ta yi digirin a lokutan hutu tana kan aikinta, kuma digirin ne yake buɗe mata babbar sakandare da ƙarin matsayi. Ranar da aka kira ki ganawar ɗaukar aiki, ki tafi da takardunki na asali da kwafinsu, da kundin samfurin ɗinkinki, da tsarin darasi guda biyu ko uku daga cikin waɗanda aka sa wa hannu lokacin koyarwar gwaji, domin a makarantu da yawa za a ba ki alli a ce ki koyar na minti goma a gaban masu ganawar.