Yadda Ake Ƙara Soket da Wurin Ajiya a Bas ɗin Kwana

Wanda ya cire kujerun bayan Hiace ya sa katifa don tafiye-tafiye, ko don zaman kasuwar ƙauye ne ko aikin gona mai nisa da gari, abu biyu ne za su fara damunsa: inda zai caja waya, da inda zai tura kaya. Duka biyun ana gyara su a nan Jos da kayan da ke kasuwa, muddin an tuna cewa mota girgiza take yi kullum. Duk abin da aka ɗaura sako-sako, hanyar Akwanga za ta kwance shi kafin a gama gangara Hawan Kibo.

Ka fara da biro da takarda. Rubuta kayan da za ka riƙa jonawa, da wat ɗin kowanne, da awannin da zai yi yana aiki. Fanka mai wat 20 na awa 8 ta ci wat-awa 160, wato wat sau awanni. Kwamfutar hannu mai wat 60 na awa 3 ta ci 180. Fitilu da cajin wayoyi a ba su 100. Jimla 440 ke nan a rana. Batir mai 100Ah a kan bolt 12 yana riƙe da kusan 1,200, amma idan na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake ci. Wanda ke zuƙe shi har ƙasa zai sayi wani kafin shekara ta zagayo. Na litiyam yana ba da kashi 80 cikin 100 ko fiye, ga shi ba nauyi, sai dai kuɗinsa. Butar lantarki da dutsen guga kuwa a bar su a gida. Buta mai wat 2,000 tana jan amfiya sama da 170 daga batir, shayin ya fi sauƙi a kan gas.

Kada ka ja soket daga batirin da ke tayar da mota. A sa batir na biyu, a haɗa shi da na farko ta na'urar da ke raba su idan an kashe inji, don kada a wayi gari a daji mota ta ƙi tashi. Idan litiyam ne, cajar DC-DC, wadda ke iyakance wutar da ke shiga batir na biyu, ake sawa tsakani, domin yana jan wuta da ƙarfin da zai iya gasa altaneta. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, saboda haka akwatinsa na buƙatar kafar da ke fita waje.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato waya da fis. Fis wayar yake karewa kada ta yi zafi ta kama, don haka wurinsa kusa da kan batir, a kan jar waya ta fositif, cikin santimita 18 na farko. Idan ka sa shi can kusa da soket, duk tsawon wayar da ke bayansa ba ta da mai tsaro, ranar da ta gogu da ƙarfe sai hayaƙi. Daga wannan babban fis sai waya ta shiga akwatin ƙananan fis mai layi 6, kowane soket da nasa. Soket irin na kunna sigari amfiya 10 yake ɗauka, a ba shi waya 2.5mm (wato mm², girman bakin ƙarfen da ke cikinta) da fis na 10. Na USB ba ya cin ko rabin haka, fis na 5 ya ishe shi.

Tsawo ma yana da tasiri, kuma rewaya (masu gyaran wutar mota) da yawa ba sa lissafa shi. Waya 2.5mm da ta yi mita 5 zuwa, mita 5 dawowa, tana zubar da kusan bolt 0.7 idan amfiya 10 na bi ta ciki. A wutar gida wannan ba komai ba ne, amma a bolt 12 shi ne ke sa ƙaramin firij ya riƙa ɗaukewa alhali batir na da caji. Layin firij a yi masa 4mm.

Wayar gida mai sili ɗaya ba ta da wuri a mota, girgiza ke karya ta daga ciki, robar tana nan lafiya ƙalau, ka yi ta neman matsala ba ka gani. Mai silili da yawa ake so, ta jan ƙarfe zalla. Kafin ka biya, kankare sili ɗaya da reza: in ciki ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa launi, ka ajiye musu abinsu. Bakin waya a matse shi da kan ƙarfe, ban da murɗawa da hannu a naɗe da tef, don zafin rana na narkar da gam ɗin tef. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfen mota a sa zoben roba a ramin, sannan a ɗaure ta kowane santimita 30.

Soket mai baki uku na bolt 230 sai da inbata. Mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 100, don haka a kafa ta kusa da batir, da waya 35mm da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, da fis na 125. Daga bakinta a bi da waya mai laushi mai layi uku, 2.5mm, ta cikin na'urar RCD ta 30mA, mai yanke wuta idan ta zurare ta jikin mutum ko ƙarfe, kafin soket. Layin at (earth, na ukun da ke kare mutum daga shokin) a ɗaure shi da jikin mota a inda aka kankare fenti. A duba takardar inbatar ko tana haɗa nutural da at, domin in ba ta yi, RCD na iya ƙin yankewa ranar da ake buƙata, ko da maɓallin gwajinta na aiki. Wannan ɓangaren a kira mai lantarkin da ya san aikinsa. Mai son jona wutar NEPA ko janareta idan ya sauka, dole ya sa makunnin canji, kada wutar waje ta haɗu da ta inbata. Kuma bututun wayar 230 daban, na 12 daban.

Sai ajiya. A Kasuwar Katako za a samu filawud. Mai kaurin 12mm ya isa kabad, 18mm na gindin gado. Katakon garin katako da ake matsewa a guje shi, yana da nauyi, yana kumbura da danshi, kuma noti ba ya zama a jikinsa. Mafi girman wurin ajiya ƙarƙashin gado yake: a ɗaga shi kamar santimita 40, a yi dogayen aljihuna biyu masu fitowa ta ƙofar baya. Batir, jarkar ruwa da kayan aiki su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, in ta hau sama mota za ta riƙa rinjaya a kwana. Kabad na sama na tufafi da bargo ne kawai.

Kafinta ya saba da ƙusa da gam, amma a nan ba su isa ba. Kowane kabad a ɗaure shi da noti a haƙarƙarin ƙarfen motar, kowace ƙofa da aljihu a sa musu sakata mai kamawa, maganaɗisu ba ya riƙewa a birki. Kafin a huda daɓen mota a leƙa ƙasa tukuna, tankin mai da bututun birki suna nan kwance.

Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana sa numfashin mai barci ya zama raɓa a jikin ƙarfe. A huda katakon gado ramuka masu faɗin santimita 3 a jere don katifa ta sha iska, a bar ɗan tazara tsakanin bayan kabad da bango. Tukunyar gas ta samu akwatinta a tsaye, ɗaure da bel, da rami a ƙasansa mai fita waje, tunda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kada soket, fis ko batir su shiga wannan akwati.