Ƙwallo da ƙwayar gero sun isa nuna wa yara girman sararin samaniya

Salamu alaikum iyaye da malaman makaranta.

Kada ku ɓata sidinku wajen sayen hoton taurarin nan na manna wa bango. Ku nemi ƙwallon ƙafa da ƙwayar gero ɗaya, ku kai yaran filin ƙwallo na Kawukudi da ke Accra da safe.

Ajiye ƙwallon a bakin raga, ita ce rana. Yaro ya ɗauki geron ya yi manyan taku 30, wato kamar mita 24. Geron nan shi ne duniyarmu, da tekunta da duk mutanen cikinta. Wata kuwa ƙwayar yashi ne, santimita 6 daga geron.

Hoton bango yana cusa komai a takarda guda, sai yaro ya ɗauka rana na nan kusa. Alhali kilomita miliyan 150 ce tsakaninmu, haskenta ma sai ya yi minti 8 yake iso mu. Yaron da ya taka da ƙafarsa, ya waiwaya ya hango ƙwallon can, ba ya mantawa.

Mushtari (Jupiter), mafi girma cikin duniyoyin da ke zagaye rana, ɗan ƙaramin goro ne, mita 120 daga ƙwallon, ya fita filin. A wannan ma'aunin, tauraron da ya fi kusa da rana yana fiye da kilomita 6,000, ya wuce nisan Makka daga Accra. Subhanallah.

Amma a lungunan Nima ba ya yiwuwa, sai wuri miƙaƙƙe. Ƙaramar ƙwallon roba kuma tana ɓata lissafin. Ku liƙa geron a jikin kwali, in ba haka ba iska ta kwashe shi.