Idan kyautar mahaifiya ta ɓata a hannunki

Sarkar gwal ce mai giram 14, karat 21, wadda Umma ta sayo min a Makka shekarar da ta sauke farali, da kuɗin adashin da ta daɗe tana zubi. Na saka ta ranar kamun 'yar gwaggona. Da na dawo bayan isha'i na yaye mayafi na kai hannu wuya, sai na ji wayam, 'yan kunne kawai suka rage. 'Yar'uwa, idan irin wannan ta same ki, ga yadda za ki bi, har da inda ni na yi kuskure.

Fara da zama. Ki yi istirja'i, wato ki ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ki karanta addu'ar nan da Ummu Salama ta ruwaito: "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Kada ki hargitsa ɗaki, don mai neman abu cikin ruɗewa da hannunta take ƙara binne shi. Jikinki ne wurin farko. Sarkar da ƙugiyarta ta buɗe sau da yawa ba ta kaiwa ƙasa, tana maƙalewa a rigar mama, ko ɗaurin zani, ko duwatsun leshi. Ki shimfiɗa farin zanin gado, ki tsaya a kai, ki cire kayan ɗaya bayan ɗaya kina kakkaɓewa. Daga nan ki kashe wutar ɗaki, ki kwantar da fitilar waya dab da ƙasa ki haska a kwance, gwal zai ƙyalla ko a ƙarƙashin gado yake. Ki hana shara da wanki, kuma kada a zubar da kwandon shara sai kin tona shi. Ki leƙa rariyar banɗaki idan kin yi alwala.

Abin da ya fi taimaka min shi ne hotuna. Na roƙi ƙawaye su turo duk wanda na fito a ciki, na jera su bisa lokaci. A hoton ƙarfe 5:40 sarka na wuyana, a na 6:30 babu ita. Ke nan a wurin kamu ta faɗi, na huta da neman mai adaidaita sahun da ya kawo ni gida. A daren ki kira masu gidan biki da masu hayar kujeru da rumfa, kafin a share wuri a kwashe kaya da safe.

Wajen cigiya, kada ki zayyana komai. Ki ce sarkar gwal ta faɗi a wuri kaza ranar kaza, ki ɓoye nauyinta da wata alama da ke kaɗai kika sani. Da ma a shari'a wanda ya yi tsintuwa cigiya zai yi har shekara, kuma da siffantawa ake gane mai kaya na gaskiya. Ki kai maganar ga mai unguwa, ki ambaci tukwici. Idan maigida ko ɗan'uwa zai sanar wa mutane, ya yi a wajen masallaci bayan an fito, domin hadisi ya hana cigiyar ɓatacce a cikinsa. Washegari ki je wurin 'yan gwal da hoto da rasit idan yana nan. Ki gaya musu hatimin da ke jikinta: 875 ake bugawa a karat 21, 750 a karat 18, 916 a karat 22. Ki hanzarta, don gwal ba ya daɗewa a hannu kafin a sayar ko a narkar.

Ina roƙonki, kada ki ɗora wa kowa zargi ba hujja. A gidajenmu da abu ya ɓata, idon kowa kan yarinya mai aiki yake sauka, ita kuwa ba ta da mai tsaya mata. Haka masu cewa a je wurin mai duba, ki toshe kunnenki. Zai ambaci wata a danginki ne, a ɓata zumuncin shekaru. In akwai alamar sata a fili, 'yan sanda za ki kai wa rahoto.

Sai babbar maganar, wato faɗa wa mai kyautar. A nan na yi ɓarna. Kwana 19 na yi ina ɓoyewa, ina ƙirƙiro uzurin ƙin zuwa gida, har na je na tambayi kuɗin mai kama da ita don in musanya a ɓoye. Kada ki yi haka. Uwar da ta tsaya a shago ta zaɓi abu da hannunta za ta gane ba shi ba ne, sai laifi ya zama biyu. Ki ba kanki kwana biyu ko uku na nema, sannan ki je da ƙafarki, ban da waya, ban da saƙon murya. Ki bari sai ta ci abinci, babu baƙi a ɗakin. Idan tana da hawan jini, ki tafi da yayarku. Ki fara da cewa kowa lafiya, don uwa da ta ga fuskarki a haka rasuwa za ta fara kawowa. Sannan ki faɗa kai tsaye: abin da ya ɓata, ranar da ya ɓata, da inda kika nema. Kada ki yi saurin cewa za ki biya, wannan kalmar tana mayar da kyauta bashi, kuma tana yi wa iyaye zafi. Idan ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki bar ta ta gama.

Ni durƙusawa na yi gefen sallayarta bayan la'asar na ce, "Umma, ki yafe min, sarkar nan da kika ba ni ta faɗi a wurin biki." Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Sai ta tambaya, "Yaushe?" Da na faɗa mata, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Ashe shi ya sa kika ƙaurace min? Ni ina nan ina tunanin ko wani abu na yi miki." Nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace.

Har yau sarkar ba ta fito ba. 'Yan kunnen kuwa na kai wa mai gyaran gwal ya matse ƙugiyarsu, na ɗauki hotonsu a kan sikeli ana ganin nauyin, na ajiye hoton tare da rasit a jakar takardun gida. Ranar sallah da su na je gaishe ta, ta sa hannu ta gyara min na hagu.