Yadda Ake Bin Sawun Yaƙin Ronaldsway na 1275 a Tsibirin Man

Kafin ka ɗaga ƙafa, riƙe shekaru uku a ka. A 1265 Magnus ya rasu, shi ne na ƙarshe a jerin sarakunan Man 'yan asalin Sikandinebiya; Man tsibiri ne a tekun da ke tsakanin Birtaniya da Ireland, a lokacin yana ƙarƙashin Norwe. A 1266 Norwe ta sallama wa Sikotilan tsibirin da tsibiran Hebrides a yarjejeniyar Perth, a kan kuɗi mark 4,000 da kuma mark 100 duk shekara. A 1275 Godred ɗan Magnus ya ja mutanen Man suka yi bore, shi ne Sarki Alexander na Uku na Sikotilan ya turo rundunar jiragen ruwa, John de Vesci na cikin jagororinta.

Fara daga garin Castletown, wurin fadar Rushen inda Magnus ya cika. Bi bakin teku ta gabas zuwa Derbyhaven, ka kama hanyar Langness, wata siririyar ƙasa da ta kutsa cikin teku, ka haye siririyar hanyar dutse zuwa ɗan tsibirin St Michael. Ɗauki rigar ruwa, iskar wurin ba ta da sauƙi.

A nan 'yan Sikotilan suka sauka ranar 7 ga Oktoba. Tsaya ka fuskanci Derbyhaven: ruwa kwance, Langness ta tare shi daga igiyoyi, ga rairayin da za a ja jirgi. Da ka ga haka ka san abin da ya sa suka zaɓi wurin. Sun aika da tayin sulhu, Godred ya ƙi, washegari tun kafin rana ta fito aka gwabza. Sulke da kayan yaƙi na wajen baƙi, mutanen Man kuwa kusan hannu rabbana suke, don haka baƙin suka yi nasara.

Inda aka fi yin kuskure shi ne zagayayyar ganuwar da ke kan tsibirin. Ba ta ga yaƙin ba, sai a ƙarni na 16 aka gina ta. Ɗan kangon cocin nan mara rufi shi ne ya girmi yaƙin. Kada kuma ka haɗa shi da arangamar 1250 da aka yi a wuri guda, wadda mutanen Man suka ci.

Adadin mutum 537 da ake cewa sun mutu ya fito ne daga kundin limaman zuhudu na Rushen, kuma gawar mutanen Man kaɗai ya ƙirga. Yankin Ronaldsway ɗin kansa, wanda yaƙin ya samo suna daga gare shi, yanzu filin jirgin sama ne, a killace yake, sai dai ka hango shi daga bakin hanyar Derbyhaven.