Ga masu shirin JAMB: ku riƙa zana jarrabawar a zuci

Ƙannena na Gombe, musamman masu zuwa darasin yamma a Pantami da Tudun Wada, ga wata dabara.

Kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya cika da hayaniya, ku rufe ido minti biyar. Kada ku tsaya hango kanku kuna murnar samun gurbi a jami'ar Kashere, wannan daɗin baki ne kawai. Ku hango aikin kansa: kun zauna gaban kwamfuta, tambayoyi 180, awa biyu, agogo na tafiya. Ga wata tambayar lissafi ta gagara. Me za ku yi? Ku ga kanku kun ja numfashi, kun tsallake ta, kun dawo mata daga baya. Wanda ya saba ganin wannan a ransa, ranar jarrabawa hannunsa ba ya rawa sosai.

Amma hangen kaɗai ba ya karanta littafi. Kuna buɗe ido, ku ɗauki tsofaffin tambayoyi ashirin ku amsa da agogo a gefe. Kullum, har ranar biki ko suna. Wayar kuma, a bar ta wajen Mama sai an gama.